Yadda ake gwada abincin rage kolastarol a jikin ɓeraye, da misalin garin kuɓewa

Kusan kowace shekara sai an samu ɗalibai a Samaru, daga sashen kimiyyar sinadaran jiki, sashen harhaɗa magunguna ko tsangayar likitancin dabbobi ta Jami'ar Ahmadu Bello, da ke son su gwada ko wani abinci namu na gida yana rage kolastarol. Wannan ya ɗauki zogale, wancan zoɓo, wani kuka, daddawa, riɗi ko waken soya. Aiki ne mai amfani, domin mai hawan jini ko ciwon suga ya fi samun sauƙin gyara miyarsa a kan sayen magani duk wata. Sai dai ɓera na iya nuna raguwar kolastarol ba don abincin ya yi aiki ba. Wataƙila bai ci ya ƙoshi ba ne, ko kuma an tsarma masa kitsen da aka ba 'yan uwansa. Galibin abin da za a faɗa a nan hanyoyin toshe wannan kafa ne. Mun ɗauki garin busasshiyar kuɓewa a matsayin misali, amma tsarin ɗaya ne ga kuka, karkashi, lalo ko hulba.

Ɓera ba ƙaramin mutum ba ne

Kafin a sayi keji ko ɗaya, a san dabbar da za a yi aiki da ita. A jinin mutum, mafi yawan kolastarol yana tafiya ne cikin LDL, wanda ake kira mugun kolastarol. A jinin ɓera kuwa mafi yawansa cikin HDL yake, wanda ake kira kolastarol mai kyau, saboda ɓera ba shi da furotin ɗin CETP da ke kwashe kolastarol daga HDL zuwa sauran. Ƙari a kan haka, idan aka ɗura wa ɓera kolastarol, hantarsa sai ta ƙara himma wajen mayar da shi asid ɗin maɗaci ta fitar da shi ta hanji. Shi ya sa za ka ba shi ƙwai da kitse wata guda, ka ɗebi jini, ka tarar da kolastarol ɗinsa yana nan tsakanin miligiram 50 zuwa 100 a kowace desilita, kamar ba a yi komai ba.

Zomo ya sha bamban. Tun a 1913 Anichkov ya nuna a birnin San Fitasbag na Rasha cewa zomon da aka ciyar da kolastarol jijiyoyinsa na jini suna toshewa. Hamsta ma, wata ƙaramar dabba dangin ɓera, tana da CETP, ta fi ɓera kama da mutum. Amma a Zariya farin ɓera jinsin Wistar ne ake samu cikin sauƙi, shi ne masu kula da gidan dabbobi suka saba da shi, shi ne kuma aljihun ɗalibi zai iya ɗauka. Ana iya aiki da shi, muddin aka haɗa masa abincin da zai tilasta wa kolastarol ya hau, aka kuma amince cewa ba za a ga toshewar jijiya a jikinsa ba cikin makonni shida.

Akwai gajeriyar hanya da wasu ke bi, wato allurar Triton WR-1339 ko Poloxamer 407. Cikin kwana ɗaya kitsen jini zai yi tashin gwauron zabo, domin allurar tana hana jiki kwashe kitse daga jini. Ba mu ba da shawarar a bi ta nan don gwajin abinci. Kuɓewa a cikin hanji take aiki: yauƙinta yana riƙe asid ɗin maɗaci ya fita da shi cikin kashi, sai hanta ta ɗebi kolastarol daga jini don ƙera wani. Allurar da ta tsallake hanji gaba ɗaya ba ta gwada wannan aiki ba.

Izini da tsarin rukuni

Ba a taɓa dabba sai kwamitin jami'a mai kula da amfani da dabbobi ya ba da izini da lamba. Mujallu masu mutunci ba sa karɓar aiki babu wannan lamba, kuma ba a bayar da ita bayan an gama. A samu ƙa'idojin ARRIVE na rubuta rahoton gwaji a kan dabbobi, waɗanda aka fitar a 2010 aka sabunta a 2020, a karanta tun ana rubuta tsarin bincike, domin duk abin da za a tambaye ka a ƙarshe yana ciki.

Rukuni biyar sun wadatar, ɓeraye takwas-takwas, maza, masu nauyin giram 150 zuwa 200. Na farko suna cin abinci na yau da kullum. Na biyu suna cin abinci mai kolastarol ba tare da kuɓewa ba, kuma da su ake kwatanta kowa. Na uku da na huɗu suna cin abinci mai kolastarol da garin kuɓewa kashi 5 da kashi 10 cikin 100. Na biyar suna samun maganin da aka riga aka san yana aiki. A nan kusan kowa atobastatin yake ɗauka, ɗaya daga magungunan sitatin, amma waɗannan magunguna ba sa rage kolastarol ɗin jinin ɓera kamar yadda suke yi wa mutum, saboda hantar ɓera tana mayar da martani ta hanyar ƙara yawan sinadarin da maganin ke dannewa. Kolastiramin, kashi 2 cikin 100 a cikin abinci, ya fi dacewa, tunda shi ma riƙe asid ɗin maɗaci yake yi a hanji, aikinsu ɗaya ke nan da yauƙin kuɓewa.

Kada a raba ɓeraye da hannu. Wanda ya fara shiga hannu shi ne mai sanyin jiki, kuma idan aka cika rukunin farko da irinsu an gurgunta aikin tun ranar farko. A auna kowa, a jera su daga mai nauyi zuwa mara nauyi, a ɗebi biyar-biyar, a yi ƙuri'a wane zai tafi wane rukuni. A sa biyu a kowane keji, keji 20 ke nan. Dalili shi ne abincin da aka ci a keji ake aunawa, don haka idan aka cusa takwas a keji ɗaya, awo ɗaya tal ake da shi na cin abincin rukunin, ba takwas ba, kuma babba zai danne ƙanana a bakin kwano. A yi musu alama a wutsiya da maka mara gogewa, a sabunta duk mako.

Sai a yanke shawara: rigakafi ake gwadawa ko magani? Idan rigakafi ne, kolastarol da kuɓewa tare za su fara, a yi makonni shida. Idan magani ne, a fara ba da abinci mai kolastarol makonni huɗu, a ɗebi ɗan jini daga jijiyar wutsiya a tabbatar ya hau, sannan a sa kuɓewa, kuma a ci gaba da ba da kolastarol ɗin. Duk wanda ya janye abincin mai kitse ya fara ba da kuɓewa, zai ga sauƙi, amma jikin ɓeran ne ya warware da kansa.

Kuɓewar kanta

Busasshiyar kuɓewar da ake aunawa a kasuwar Samaru ko Sabon Gari ta yi wa miya, ba ta yi wa bincike ba. Ba a san irinta ba, ba a san tsawon zamanta ba, ta sha ƙura, wani lokaci ma ta fara fumfuna. A sayi ɗanya daga gona ɗaya, rana ɗaya, ko daga masu noman rani na bakin kogin Galma. A zaɓi matasa waɗanda bakinsu ke karyewa ƙas idan an lanƙwasa, domin wadda ta tsufa ta zama itace, yauƙinta ya ragu. A kai samfurin shukar, da ganye da fure, ɗakin adana tsirrai na jami'a a tantance a karɓi lamba.

Kusan kashi 90 cikin 100 na ɗanyar kuɓewa ruwa ne. Rukuni biyu za su ci garin da ya kai kilo 1.2 a makonni shida, wato sai an tanadi ɗanya kilo 12 zuwa 15. A wanke, a bari ta tsane, a yanka siriri, a baza a inuwa mai iska a kan raga. Da hunturu kwana uku zuwa biyar sun isa, sai dai a rufe da yadi mara kauri saboda ƙura. Da damina, musamman a watan Agusta, inuwa ba za ta busar da ita ba kafin ta yi baƙi, sai a sa a tanda a digiri 45 zuwa 50. Ta bushe idan aka auna sau biyu a jere nauyin bai sauya ba.

Kada a kai injin niƙa na unguwa. Ragowar barkono, masara da citta na maƙale a cikinsa, kuma barkono da citta su kansu ana gwada su a kan kitsen jini. A niƙa da injin ɗakin gwaji, a tankaɗe, a zuba gaba ɗaya a mazubi ɗaya mai murfi a gauraya. Daga nan a ɗebi samfuri a kai a auna furotin, mai, toka, danshi da faiba. Ba don cika shafi ake wannan awo ba, da shi za a daidaita abincin sauran rukunai.

Wanda ya zaɓi waken soya, ya dafa shi ko ya turara tukun. Ɗanyen soya na ɗauke da sinadarin da ke hana narkewar furotin. Ɓera zai rame, fankiriyas ɗinsa ya kumbura, kolastarol ya sauka, kuma ba sauƙi ba ne, rashin lafiya ce. Gyaɗa da masara kuwa a yi hattara da afulatoksin, gubar da fumfuna ke fitarwa, wanda hanta yake fara kai wa hari, ita kuwa hanta ita ce wurin aikin gaba ɗaya.

Haɗa abincin

Nan ne aiki yake tsayawa ko ya rushe. Ga awon kilo ɗaya: abincin tushe niƙaƙƙe giram 785, narkakken kitsen shanu giram 100, garin kolastarol giram 10, kolik asid giram 5, sai gurbin giram 100 da aka ware wa abin gwaji. Kolik asid ɗin, wanda shi kansa wani nau'in asid ɗin maɗaci ne, shi ke ƙara shan kolastarol a hanji, ya kuma hana hanta mayar da shi maɗaci. Idan babu shi, da wuya ɓeran Wistar ya nuna hauhawar da za a iya aunawa. Kada a wuce rabin kashi ɗaya cikin 100, domin yana da ɗaci kuma yana wahalar da hanta.

Gurbin giram 100 ɗin nan shi ne sirrin. A rukuni na huɗu kuɓewa ce ta cika shi. A na uku kuɓewa giram 50, cikon giram 50. A na biyu ciko ne zalla, a na biyar kolastiramin giram 20 da ciko 80. Cikon kuwa haɗi ne na sitacin masara, kazin (furotin ɗin madara) da salulos (faibar tsirrai), wanda aka auna ya yi daidai da furotin, kalori da faibar da awo ya nuna a garin kuɓewa. Kuskuren da ya fi yawa shi ne a haɗa abinci mai kolastarol buhu guda, sannan a ɗebi giram 900 a zuba kuɓewa 100. Da haka an rage wa wannan rukuni kitse da kolastarol da kashi 10 cikin 100 tun kafin kuɓewa ta yi komai, kuma ko yashi aka zuba sai an ga bambanci.

Wasu don gudun tsada suna amfani da ƙwaiduwa maimakon garin kolastarol. Busasshiyar ƙwaiduwa kolastarol ɗinta giram 2 da ɗoriya ne a giram 100, wato kafin a kai kashi 1 cikin 100 sai ta cinye fiye da kashi 40 na abincin, ta kawo furotin da mai masu yawa. Gara a yi lissafi a sayi na kwalba. Ɓera yana cin kimanin giram 20 a rana. Ɓeraye 32 na rukunai huɗu masu cin kolastarol a kwana 42 kusan kilo 27 ne, da abin da za su ɓarar a ce 32. Ana buƙatar kolastarol giram 320 da kolik asid giram 160. A saya gaba ɗaya kafin a fara, don kada ya yanke a mako na huɗu.

Wajen haɗawa, a narka kitsen a wuta mai sanyi, a riƙa barbaɗa kolastarol ana juyawa har gudaji su ɓace. Kada kitsen ya yi hayaƙi. Zafi mai yawa na gurɓata kolastarol ya koma wasu sinadarai masu illa ta daban. Kolik asid kuma a fara cuɗa shi da garin tushe daidai nauyinsa, a ninka, a sake ninkawa, har ya game duka. Idan aka juye giram 5 kai tsaye cikin kilo guda, wani ɓera zai ci ninki uku, wani bai samu ba. Sai a zuba kitsen a murje da hannu cikin safar hannu, a yayyafa ruwa kaɗan, a matse ta injin niƙa nama ya fito zara-zara, a yanka, a busar a digiri 45 zuwa 50. Rukunin kuɓewa ruwa kaɗan yake so, yauƙin na riƙe danshi kuma shi ke fara fumfuna. Ɓerayen rukuni na farko ma a niƙa nasu a sake curawa haka, kada wasu su ci gari wasu su ci ƙwaya. A haɗa na mako ɗaya ko biyu kawai, a ajiye a firji. Idan wuta ta daɗe ba ta zo ba kuma abincin ya soma warin tsohon mai, a zubar.

Awon kullum

A ba ɓeraye mako ɗaya zuwa biyu su saba da wuri kafin a fara. Suna son ɗaki mai digiri 20 zuwa 25, sa'a 12 haske, 12 duhu. Zafin Maris da Afrilu a Zariya ya yi musu yawa. Ɓera ba ya gumi, da zafi ya matsa sai ya rage ci, nauyi ya tsaya, alƙaluma su rikice. In ba na'urar sanyaya ɗaki mai tabbas, a kauce wa waɗannan watanni. Hunturu kuma bushewar iska ce matsalarsa, har takan sa wutsiyar ƙananan ɓeraye ta yi zobe-zobe ta tsage. Faffaɗan kwano da ruwa a ɗakin yana taimakawa. Shimfiɗa a yi da dusar katako mai kauri wadda ba a yi wa feshin maganin gara ba, a sauya sau biyu a mako.

Kowace safiya, a lokaci ɗaya, a auna ragowar abinci har da wanda ya zube cikin shimfiɗa, a zuba sabo da aka auna. Ɓeraye kuma a auna su sau ɗaya a mako. Wannan littafi na awo ya fi kowace na'ura muhimmanci. Idan rukunin kashi 10 yana cin ƙasa da na biyu da fiye da kashi ɗaya cikin goma, raguwar kolastarol ɗinsa ba hujja ba ce. Mafita ita ce ciyarwar daidaito: abin da rukunin kuɓewa ya ci jiya, shi za a auna wa rukunin kwatance yau. Ɓeran da ya rasa kashi 20 cikin 100 na nauyinsa, ko gashinsa ya tashi ya takure a lungu ba ya ci, a cire shi a kira likitan dabbobi, a kuma rubuta a rahoto.

A kwana uku na ƙarshe a tattara kashin kowane keji, a busar, a auna, a ajiye. Idan ana da'awar kuɓewa na fitar da asid ɗin maɗaci, a nan ne shaidar take, ba a jini ba.

Ranar ɗiban jini

A cire abinci da dare, sa'a 10 zuwa 12, a bar ruwa. A sauya shimfiɗa a daren, domin ɓera na cin kashinsa da ɓurɓushin da ya faɗi. Da safe a yi aikin tsakanin ƙarfe 8 zuwa 11, ana ɗaukar ɗaya daga kowane rukuni bi da bi, kada a gama da rukuni na farko da sassafe a kai ga na biyar da azahar. A sumar da su da ketamin da zailazin a ƙarƙashin kulawar likitan dabbobi. Kulorofom a cikin kwalba ba hanya ba ce: azaba ce ga dabba, guba ce ga hantar da za a auna, haɗari ne kuma ga mai aikin.

A ja jini daga zuciya a hankali, a cire allurar kafin a tura shi cikin kwalba, a bar shi ya daskare minti 30, a juya a santirifuj, na'urar da ke ware ruwan jini, juyi 3000 a minti, na tsawon minti 10. Ruwan jinin da ya yi ja alama ce ƙwayoyin jini sun fashe, kuma launin zai ƙara wa na'urar auna launi lamba. A sa wa kwalabe lambobi kawai, mai awo kada ya san rukuni. Ana auna jimillar kolastarol da hanyar CHOD-PAP, wato sinadaran kwali da ke sauya launi gwargwadon yawan kolastarol, kowane samfuri sau biyu, tare da ma'aunin da ya zo cikin kwalin. Sinadaran da suka kwana a zafi sukan ba da sakamako ƙasa da gaskiya, shi ya sa ake fara gwada ruwan jinin tabbatarwa, wanda aka riga aka san yawan kolastarol ɗinsa, kafin a taɓa na ɓeraye.

Game da LDL, lissafin Friedewald na 1972, wato jimilla a cire HDL a cire kashi ɗaya cikin biyar na tiraigilisaraid (wani nau'in kitsen jini), daga jinin mutane aka samo shi. A ɓera yakan ba da lambar da ba ta da ma'ana, har ƙasa da sifili. Ya fi aminci a cire HDL daga jimilla a ba da rahoton abin da ya rage. A kula da ma'auni kuma: milimol ɗaya na kolastarol a lita daidai yake da miligiram 38.67 a desilita.

Hanta a ciro ta, a tsane, a auna, a ɗauki hoto kusa da ta rukuni na farko. Ta lafiyayyen ɓera ja ce mai duhu da sheƙi, gefenta siriri. Ta wanda ya ci kolastarol da kolik asid takan kumbura ta yi fari-fari kamar an shafa mata man shanu, gefen ya dakushe. A sa yanki a fomalin kashi 10 don duban madubi, wani yankin a daskarar don fitar da kitsensa ta hanyar Folch, kulorofom biyu metanol ɗaya. Sau da dama bambancin ya fi fitowa fili a hanta fiye da jini.

Karanta sakamako

Tambayar farko: rukuni na biyu ya haura na farko sosai? In bai haura ba, ba a samar da cutar ba, babu abin da za a ce kuɓewa ta rage. Ta biyu: kolastiramin ya yi aiki? In bai yi ba, akwai matsala a haɗin abinci ko a awo. Sai waɗannan biyu sun tabbata ake duban kuɓewa, da lissafin kwatanta rukunai na ANOVA, sannan gwajin Dunnett mai kwatanta kowane rukuni da na biyu, tare da nuna lambar kowane ɓera a zane.

Akwai abu ɗaya da ya kamata a rubuta ƙarara a rahoto. Tunda an zuba kolik asid cikin abincin, yauƙin kuɓewa na iya riƙe shi tun a hanji, wato wani ɓangare na sauƙin da aka gani na kwance tarkon da mai binciken ya ɗana ne da kansa. Mutum ba ya cin kolik asid a tuwo.

Sai lissafin komawa kan mutum. Ɓera mai giram 200 da ke cin giram 20 na abinci mai kashi 5 yana samun garin kuɓewa giram 1 a rana, wato giram 5 a kowane kilo na nauyinsa. A raba da 6.2, abin da ake amfani da shi tsakanin ɓera da mutum, ya zama kusan giram 0.8 a kilo. Ga mai nauyin kilo 60, giram 48 ke nan na busasshen gari kullum, kusan rabin kilo na ɗanyar kuɓewa. Na kashi 10 ninkin wannan ne, abin da ya fi ƙarfin kwanon miyar mutum ɗaya nesa ba kusa ba. Idan ana son sakamakon da za a iya kaiwa gaban masu ba da shawarar abinci a asibitin koyarwa na Shika, a ƙara rukuni na kashi 2.5, wanda ya yi daidai da giram 24 a rana, kuma a ƙara ɓeraye a kowane rukuni, domin ƙaramin bambanci ba ya fitowa da takwas.